Baba Philemon, Mai Sauraron Rafin Hanyar Manga

Idan damina ta sauka, kafin 'yan kabu-kabu su fara jigilar 'yan kasuwa, Baba Philemon ya riga ya isa mashigin da ke kan hanyar Manga. Yakan naɗe wando zuwa gwiwa, ya shiga ruwa, ya lalubo wata na'ura mai kama da gwangwanin madara da ya ɗaure a gindin dutse, ya kankare gansakukar da ta kama ta, ya mayar. Daga nan sai ya hau gaɓa, ya sa abin sauraro a kunne, ya yi tsit. Baƙo zai ɗauka tsohon soja ne da zaman fansho ya taɓa wa kai. Wasu da suka san shi ma haka suka ɗauka, kuma su ne suka sa nake wannan rubutu raina a ɓace.

Injiniya ne. Ya yi aikinsa a rundunar sojan ruwa, a sashen da ke sauraron abin da ke motsi a ƙarƙashin teku. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru, sai ya tarar rafin nan bai sake hali ba. A yi ruwa can kan duwatsu, nan rana ƙwal, mutum yana tsakiyar mashigi sai ambaliya ta rufto masa. Kowace unguwa tana da sunan wanda take ambata idan an zo maganar. Mu dai abin da muka iya shi ne zaman makoki da cewa kwana ya ƙare.

Shi kuwa ya lura da wani abu. Kafin ruwan ya iso, tsakuwar da ke ƙasan rafin can sama takan fara gangarowa tana gugar juna, kuma ƙararta ba ta kama da komai. Ya haɗa na'urar da za ta ji wannan ƙara, ta tace ta daga sauran hayaniyar ruwa. Saura isar da saƙo. Kwarin ba sabis, wayar da ya shimfiɗa kuma ɓarayi suka naɗe ta tun ba a yi nisa ba. Sai ya ce to, ruwan da kansa zai kai saƙon. Ya jera na'urorin a ƙasan rafin, kowacce tana aika wa ta gabanta da wani ɗan siririn sauti ta cikin ruwa, har ya iso mashigi, inda ƙaho zai yi kuka.

Ƙahon ya fara kuka ne ranar kasuwar Zuru. Mutane suka yi cirko-cirko a gaɓa da buhunan dawa da awaki, suna jira. Ruwa bai zo ba. Kasuwa ta ci ba su, aka yi masa ca. Abin da ya faru shi ne, matan wani ƙauye da ke sama sun fito wanki, suna maka zannuwa a kan dutse yadda suka saba, kuma a cikin ruwa bugun wankin ya yi kama da gangarowar tsakuwa. Daga ranar aka laƙaba masa Soja Mai Jin Gulmar Kifi. Har masu digiri a garin nan, waɗanda ya kamata su tambaye shi inda matsalar take, da su aka yi dariyar.

Bai yi fushi ya kwashe kayansa ba, ko da yake da ya yi ba wanda zai ga laifinsa. Ya tafi wurin matan. Wata dattijuwa mai suna Bushira, wadda ita ce babbarsu a bakin rafin, ta ba ni labarin yadda ya riƙa zuwa yana zama a dutse kamar mai jiran a wanke masa riga, yana naɗar sautin bugunsu. Ya roƙe su su buga da ƙarfi, su buga a hankali, su buga tare, su buga ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da farko sun yi ta tsokanarsa, suna cewa ko mata yake nema.

"Na ce masa, Baba Soja, mi kaka so da wankinmu? Sai ya ce, Uwar Farida, so nake abin nan ya san hannunku, kada ya sake yi muku ƙarya."

Haka ya bi shanun Fulani da ke tsallakawa, da kwaɗi, da injin ban ruwa, duk ya koya wa na'urar ta bambanta su da ƙarar ambaliya.

Da wata damina ta zagayo, ƙahon ya sake kuka, sama tas ba ko gajimare. Yusha'u, ɗan kabu-kabu da ke bin hanyar, yana ɗauke da wata mata da goyonta, tayarsa ta gaba ta riga ta taɓa ruwa. Ya ce na bayansa suna ta danna masa oda, suna cewa ya wuce, matan nan ne suka sake fitowa wanki. Ya ja baya ya tare hanya da babur ɗinsa. Ba su gama zaginsa ba sai ga ruwan, ja wur, da kututturen itace a kansa.

"Wallahi Malam," in ji shi, "da ba don ƙahon ga ba, mu ukku da an yi zaman makokinmu."

To, mai karatu, me kake tsammani aka yi wa mutumin nan bayan wannan? Manya suka zo da motoci, suka tsaya jikin ƙahon aka ɗauke su hoto, aka tafa, suka tafi. Ba a jima ba masu kwasar yashi suka shigar da tifa cikin rafin suka murƙushe na'urorin tsakiya. Ya kai kuka ofishin da ya dace, aka ce ya dawo, ya dawo aka ce Oga ya yi tafiya. Shi ya sake haɗa su da hannunsa a ɗakin da matarsa Margaret ke ajiye hatsi. Wannan abin kunya ne, kuma ba zan sakaya shi ba. An bar tsoho shi kaɗai yana tsaron hanyar da dukanmu muke bi.

Baba Philemon, kai ne kunnen rafin nan. Kai ne ka zauna cikin mata masu wanki ba ka ji girman kai ba, alhali ka yi aiki a manyan jiragen ruwa. An yi maka dariya ka koma ka gyara, ba ka nemi wanda zai ba ka haƙuri ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da Mama Margaret ta faɗa mini. Kunnen Baba ya fara mutuwa. Yanzu idan zai gwada ƙahon, sai ya ɗora tafinsa a kan ƙahon ya ji ko yana rawa. Ya faɗa wa iyalinsa bana ba zai iya shiga ruwa ba. Ya yi cigiya a coci, ya aika aka yi a masallaci, cewa duk mai son koyon aikin ya zo, kyauta. Har yau ba wanda ya je.

Ina 'ya'yan Zuru da suka karanta lantarki da kwamfuta, suke zaune a majalisa suna cewa ba aikin yi? Ƙofarsa a buɗe take, kansa kuma garau yake, zai nuna muku komai. Ku je tun yana iya jin tambayarku. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Wasagu, kuma ranar kasuwa mata za su shiga mashigin nan da 'ya'yansu a baya, suna ganin tunda ƙaho bai yi kuka ba, lafiya lau ne.