Wuƙar Auren Mangwaro

A lambun renon dashe da ke bayan tashar mota, babu wanda ya san Bahago da wani suna ban da wannan. Da hagu yake aiki, da hagu yake nuni, in faɗa ya tashi ma yatsan hagun yake ɗagawa. Sana'arsa auren bishiya. Zai yanko ɗan reshen mangwaro mai kyawun iri, ya haɗa shi da ƙaramin dashe, su manne su zama jiki ɗaya. Aikin duk a yanka yake. Ja ɗaya ake yi wa wuƙa ta fita sumul, domin in fuskar yankan ta yi tudu da kwari, iska za ta shiga tsakani, auren ya mutu.

Tun yana saurayi yake wannan aiki, kuma tun da ya yi iyali matarsa ke zama a gefen kujerarsa a kan ɗan benci. Shi ya yanka ya haɗa, ita ta naɗe mahaɗin da siririyar leda. Uwar Biyu ake ce mata saboda tagwayen da suka haifa, waɗanda yanzu kowa ya kama gabansa. Ɗakin da suke kwana a bakin lambun yake, na mai lambu ne, tare da aikin aka ba su shi.

Bahago mutumin kirki ne, amma kada ka taɓa masa wuƙa. 'Yar wuƙar aljihu ce mai ninkewa, washi ya cinye ta har ta kusa zama tsinke. Sau ɗaya Uwar Biyu ta ɗauka ta yanke zare, ranar wuni ya yi yana shan ƙamshi.

Bara ne auren ya fara mutuwa. Bahago ya ce ledar ce ba ta da kyau, aka canja leda. Ya ce rana ce ta yi yawa, aka ƙara rumfa. Daga ƙarshe ya ce wuƙar ce ta tsufa. Mai lambu ya ja shi gefe ya yi masa magana cikin ladabi.

"Baba, wani mai gona ya ba da odar dashe mai yawa. In wannan karon ma bai kama ba, wallahi ba ni da yadda zan yi, sai na nemo wani."

Bai ambaci ɗakin ba, amma Bahago ya ji shi a cikin maganar.

Abin da suka ajiye bai taka kara ya karya ba. Kuɗin wuƙa ɗaya ne, in an saya an saya ke nan, babu komawa. Da zai tafi kasuwa, Bahago ya naɗe siraran rassa a jiƙaƙƙen tsumma don gwaji. Uwar Biyu ta yafa mayafi ta ce ita ma tana da abin dubawa a kasuwar.

Mai wuƙaƙen wani kakkauran mutum ne mai zaƙin baki. Ya fara da wata mai ƙyalli, ya yi ta zaro mata hannuwa.

"Baba, wannan har almakashi gare ta, ga mabuɗin kwalba."

"Ka gan ni da kalar tela ne?"

Ya miƙo wata mai haƙora, Bahago ya ce ba zarto ya zo saya ba. Duk wadda ya ɗauka sai ya buɗe ta ya girgiza a gefen kunnensa. In ya ji ƙusar mahaɗinta tana motsi, sai ya ajiye. A ƙarshe biyu suka rage da kuɗinsa zai iya kaiwa. Ɗaya wuƙa ce ta kowa da kowa, an wasa ta gefe biyu, kowane hannu yana iya riƙe ta. Ɗayar kuwa ta auren bishiya ce ta ainihi, gefe ɗaya aka wasa, ɗayan a shafe yake don ya kwanta a jikin reshe. Ta fi kyawun ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma kallo ɗaya Bahago ya yi mata ya san ta hannun dama ce. In ya riƙe ta da hagu, nutsewa za ta yi cikin itace.

"Ta hagu sai an yi oda, Baba," in ji mai wuƙaƙen, "kuma kuɗinta ya ninka."

Bahago ya ɗauki mai gefe biyun, ya zaro reshe ya ja. Yankan ya fito a karkace. Ya ce a ba shi 'yar'uwarta, ita ma haka. Ya nemi ta uku. Ɓawon itace ya taru a kan teburin mutane. Da ya ɗaga wuƙar zai sake, sai ya tsaya, domin ya ga tsininta yana rawa a iska tun kafin ya taɓa reshen.

"Baba, anya kuwa ba hannun..." Mai wuƙaƙen bai ƙarasa ba, saboda hararar da Uwar Biyu ta watsa masa.

"Malam," ta ce wa mijinta, "miƙo min mai gefe ɗayan nan in ji nauyinta."

Ta karɓa, ta zari reshe daga tsumman, ta kafa gwiwar hannu a haƙarƙarinta yadda yake yi, ta ja sau ɗaya. Bahago ya karɓi reshen ya ɗora yankan a shafaffen gefen wuƙar, ya ɗaga sama. Ko ɗigon haske bai ratsa ba.

Da farko haushi ya ji, sannan kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Yaushe kika koya?"

"In ka kwanta hutun rana, guntayen da ka zubar nake gwadawa da wuƙar girki. An daɗe."

"Kin san ba wuƙar ba ce ke nan."

"Tun bara. Ni ke naɗewa, Malam. A yatsuna nake jin yankan."

Ya daɗe a tsaye yana duban wuƙaƙen biyu. Mai gefe biyun za ta bar shi a kan kujerarsa zuwa ranar da za a kwance leda a ga abin da ya kama. Bayan nan kuwa ya san sauran. Ya ture ta gefe, ya ɗora yatsa a kan ta daman, ya shiga ciniki da zafi kamar mai wuƙaƙen ne ya yi masa laifi. Sai da ya sa aka yi masa gyara da ɗan dutsen washi.

Washegari da Uwar Biyu ta fito, ta tarar da shi a kan ɗan bencinta, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Sabuwar wuƙar tana ajiye a ninke a kan kujerarsa. Sai ta zauna a kujerar ta buɗe wuƙar. Ta yanka, ta haɗa, ta miƙa masa dashen farko.

Bahago ya karɓa, ya ja siririyar leda ya jujjuya ta a hannu. Sai a lokacin ya gane cewa duk tsawon shekarun nan bai taɓa juyowa ya kalli abin da take yi ba.

"Uwar Biyu," ya ce a hankali, "daga ƙasa ake fara naɗin, ko daga sama?"