Ƙarfen da ke idon Idirisu mai walda

Duk yankin New Bell an san Idirisu mai walda. Rabin ƙyamaren unguwar Hausawa aikin hannunsa ne. Tun yana saurayi yake yanka ƙarfe ba gilashi a fuska, don kakansa ya ba shi maganin ƙarfe ya sha, kuma ya yarda har zuciya cewa ƙarfe ba ya kama shi.

Da ciwon kai ya matsa masa, aka ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a babbar na'urar nan mai maganaɗisu. A asibiti suka tambaye shi ko akwai ƙarfe a jikinsa. Ya ce babu, suka sa masa rana.

'Yarsa Nuriyya ba ta iya jira ba. Ta ji ana gwada wata ƙaramar na'ura a wani asibiti a unguwar Bonapriso, ta ɗora shi a babur. Maganaɗisun wannan ba shi da ƙarfi, ko makulli ba ya ja. Wata 'yar kwalba mai tururi a ciki ita ke jin abin da jiki ke mayarwa, komai ƙanƙantarsa.

Likitar, wata Bafulatanar Garwa, ta daɗe tana kallon allo. Kusa da idon hagu hoton ya ɓaci, baƙi ƙirin.

"Baba, mene ne sana'arka?"

"Walda."

"To, akwai ƙarfe a bayan idonka."

"Ni? 'Yar nan, ƙarfe ba ya shiga na. Na'urarku ce ta lalace."

Ta sa aka yi masa hoton ƙashi. Ga ƙarfen nan, siriri kamar tsinken sakace.

"Jibi za a sa shi a babbar na'ura," in ji Nuriyya.

Likitar ta ajiye biro. "Wa ya ce? Maganaɗisun waccan fizgo ƙarfen zai yi, ya keta idon."

Idirisu ya kai yatsa gefen idon, ya janye da sauri kamar ya taɓa wuta.

"Innalillahi. Da bakina na ce musu babu."

Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Nuriyya, kira su ki ce ba zan zo ba. Likita, wa ke cire irin wannan?"

Ranar bai koma shago ba. Ƙyauren wani Alhaji na Ndogpassi ya kwana a ƙasa, rabinsa ba a haɗa ba.