Kwana Biyar ɗin Baba Sitati

Shekara talatin da ɗaya Baba Sitati ya yi yana guga a ɗakin wankin wani otal, can ƙasa inda babu taga, sai bututun tururi da wata fanka mai kuka. Sunan ma a nan ya samo shi, daga sitatin da ake sa wa kaya su yi tauri. Abokan aikinsa kan ce rigar da ta bi ta hannunsa, ko babu mutum a ciki, za ta iya miƙewa ta gaida baƙi. Zanen gadon da ya goge ba ya ƙirguwa, amma bai taɓa kwana a kan ko ɗaya ba. Gajere ne, siriri, mai saurin tafiya, kuma Allah bai yi shi da iya zama ba. Ko abinci a tsaye yake ci.

Duk shekara idan hutunsa ya zo sai ya sayar wa otal ya ci gaba da aiki, saboda makarantar yara. Duk shekara kuma sai ya ce wa matarsa, "Baɗi, Maman yara. Baɗi zan kai ki ki ga teku." Ita dai ta daina amsawa tun autarsu tana rarrafe.

Shekarar da autar ta gama karatu, ya je ya ce wa shugaban ɗakin wanki bana hutunsa yake so. Shugaban ya cire tabarau ya tambaye shi ko lafiya. Aka ba shi kwana biyar, Litinin zuwa Juma'a, ba ƙarin ko rabin yini, don akwai babban taro tafe.

Saura wata biyu hutun ya zo, ya hau benen wani ofishin shirya tafiye-tafiye, a saman shagon masu gyaran waya. Hotunan teku sun cika bango, duk rana ta cinye launinsu. Ejan ɗin da ke ofishin mutum ne mai ƙamshin turare da zaƙin baki, da ya ji a otal Baba yake aiki sai ya shiga kiransa Yallaɓai. Ya kama masa ɗaki mai kallon ruwa a wani otal na bakin teku. Baba ya biya, ya karɓi rasit, aka miƙo masa fom ya sa hannu.

To sa hannun Baba Sitati abin kallo ne. A ɗakin wanki kowane mai guga da alamarsa, wadda yake sawa a takardar kaya don a san wuyan wanda za a kama idan riga ta ƙone. Tasa ɗigo uku ce da ɗan zane a ƙarƙashi. Ba wai bai iya rubutu ba, hannun ne ya saba. Da ita ya yi katin aiki, da ita ya buɗe asusun banki, ita kuma ya ɗiga a fom ɗin ejan, wanda a lokacin hankalinsa na kan waya.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu tafiya, ya kira otal ɗin bakin teku don ya ji ƙarfe nawa ake ba da makulli. Ɗan otal ne, ya san ba a zuwa haka kawai. Yarinyar da ta ɗauka ta duba.

"Sunanka yana nan, Baba, amma ba wannan Litinin ba. Sai nan da wata huɗu."

"Wata huɗu kamar yaya, 'yata?"

"Ejan ɗinka ya aiko takardar canji da sa hannunka. Ɗakin ma ya sa wani baƙo a ciki."

Wata huɗu, lokacin da ruwan sama ke korar kowa daga bakin teku, ɗakuna su yi arha, shi kuma ba shi da hutu ko na awa ɗaya. Ba sai an yi masa bayani ba: an sayar da ɗakinsa sau biyu, an tura shi inda ba mai so. Ranar nan, karo na farko a rayuwarsa, ya bar dutsen guga a kan rigar matashin kai har ta yi ja.

Washegari ya hau benen nan da gudu. Ejan bai ce Yallaɓai ba. Ya jawo wata takarda ya shimfiɗa, ga wani sa hannu a ƙasa mai lanƙwasa da jela.

"Kai ka zo da kanka ka ce a ɗaga. Tsufa ne, Baba, duk za mu je can."

Baba Sitati ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yi haƙuri." Shekara talatin da ɗaya yana ba baƙi haƙuri a kan maɓallin da ba shi ya cire ba, harshen ya riga ya san hanya. Sai da ya kai tsakiyar matakala ya ji abin da ya faɗa, ya tsaya ya riƙe ƙarfe. Haushin kansa ya fi na ejan ci masa rai.

A gida kuwa Maman yara ta gama haɗa akwati tun farkon mako. Ta sayi sabon takalmi, ta bi maƙwabta ɗaki-ɗaki ta yi sallama. Ya kasa faɗa mata. Asabar da Lahadi ya yi ta kai da kawo tsakanin ƙofa da taga, ya goge kayansa, ya goge nata, ya sauke labule ya goge, har ya fara kallon tsumman goge tebur. Ran Lahadi da la'asar ta zare wayar dutsen daga bango.

"Baban yara, ko dai ka faɗa min, ko ka goge ni ni ma."

Ya faɗa mata, idonsa a ƙasa. Ya jira kuka ko faɗa, ko ɗaya bai zo ba.

"Yanzu ina ake kai irin wannan ƙara?"

Ya san wurin. Shekarun baya wani baƙo da aka ƙona wa kwat ya dawo da takarda daga ofishin kare haƙƙin masu saye, manaja da kansa ya sauko ɗakin wanki yana share goshi. Tun ranar Baba ya gane kukan baki a kantar karɓar baƙi yake mutuwa, rubutacce mai kwanan wata shi ke hawa bene. Bai dai taɓa zaton shi ma yana cikin masu wannan haƙƙi ba.

Litinin da safe ta riga shi fita, da akwatinta.

"Ina za ki da kaya?"

"Na yi sallama da mutane. Ba zan zauna ana tambayata ko teku ya ƙafe ba."

Ofishin dogon zaure ne mai benci biyu da agogon da ke gudu fiye da layi. Sai bayan azahar suka shiga wurin jami'ar, wata mata mai ƙaramar murya da ba ta gaggawa. Ta karɓi rasit, ta sa ya rubuta abin da ya faru da ranakunsa, ta ɗauki hoton kowace takarda.

"Ba wanda ke da ikon canja maka rana ba da yardarka ba," in ji ta. "Wanda ya ce ka yarda, shi zai kawo shaida. In ya kasa, zaɓi naka ne: ɗakin da kuka yi alkawari ko kamarsa, ko kuɗinka cif."

"Yau za a yi?"

"Za mu kira shi gobe."

Gobe ta zo, ejan bai zo ba, wai yana da baƙi. Suka wuni a benci. Baba ya tashi ya duba agogo, ya leƙa titi, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi. Kowace awa da ta wuce ji yake kamar daga jikinsa aka yanke ta. Maman yara ta yi ta jawo shi da gefen riga tana ba shi labarin mutanen layi: wancan firij aka sayar masa ba inji, waccan kuma gado mai ƙafa uku.

Laraba ejan ya iso da ƙamshinsa da fayil. Jami'a ta ajiye takardar canji a tebur, ta ce ya kawo fom na farko. Ta jera su.

"Ina sa hannun mai ɗaki a wannan na farkon?"

Ejan ya leƙa. "Ai bai sa ba ranar, mantawa aka yi. Wannan tawada ce ta ɗiga."

Baba Sitati ya matso kusa da tebur. Ya ciro katin aikinsa, ya ciro takardar banki, ya ajiye kusa da fom. Ɗigo uku da zane, ɗigo uku da zane. Jami'a ta dubi jelar nan ta takardar canji, ta dubi ejan.

"To wannan kyakkyawan na waye?"

Ejan ya ce yaran ofis ne, shi bai sani ba, amma yanzu-yanzu zai mayar wa Yallaɓai kuɗinsa, a wuce wurin.

"Ba na so," in ji Baba. Wannan karon bai ba da haƙuri ba. "Kuɗin zai sayo min Litinin? Zai sayo Talata? Ɗaki nake so, yau."

A gaban jami'a ejan ya yi ta buga waya har ya samo ɗaki a otal ɗin bakin tekun, wanda ya fi na farko, daga aljihunsa. Ya rubuta zai mayar da kuɗin kwanakin da suka wuce. Maganar sa hannun jabu kuwa, jami'a ta ce wannan fayil ɗin bai rufu ba.

Dare biyu suka rage. A tasha, suna jiran mota ta cika, Baba ya zauna a gefen kujera kamar wanda za a kora. Ya yi nasara, amma zuciyarsa ba daɗi.

"Maman yara, ki yafe min. Shekara talatin ina ce miki baɗi, da baɗin ta zo na zubar da kwana uku a benci."

Ta gyara akwatin a kan cinyarta.

"Wa ya ce maka sun zube? Tun da ka aure ni ban taɓa samun ka daga safe har yamma ba sai a bencin nan. Kwana uku ina magana kana ji, ba wanda ya kira ka." Ta matsa masa wuri. "Teku ƙari ne. Zauna da kyau, mutane na kallo."

Ya matsa ciki, ya jingina bayansa da kujera, direba ya tada mota.