Shinkafar da Baba Ya Je Gani a Sifen

Ko me zai shafe mini a ƙwaƙwalwa, ba dai shekarar da na zama mai tsara wa Baba yawon Turai ba, ni da ko Legas ban taɓa takawa ba.

Yayanmu, ɗan farin Baba, ya daɗe yana aikin jinya a ƙasar Sifen. A can aka haifa masa 'ya'ya, Baba bai taɓa ganinsu ba sai a waya. Shi kuwa Baba mutumin da ne, mai tsananin alkunyar ɗan fari. Ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "wancan yaron". Idan Yaya ya kira, a tsaitsaye yake amsa gaisuwa, ya miƙa wa Inna wayar kamar an ɗora masa garwashi a hannu.

Wata rana Yaya ya bugo mini ya ce ya kama mana wuri a wani katafaren jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ni da Baba da Inna, mu haɗu da shi da iyalinsa. Jirgin kwana yake yana tafiya, gari ya waye masa a sabuwar tasha, mutane su sauka su zaga, kafin magariba kowa ya dawo. Aikina shi ne in zaɓi inda za mu ziyarta a kowane gari.

"Ki zaɓa da wuri, wuraren cika suke yi," in ji Yaya. "Kuma don Allah ki shawo mini kan Baba. Tsufa yake yi, ina so in zauna da shi ko na mako guda ne."

Baba ya ce ba za shi ba, tafiyar ta faɗo daidai dashen shinkafa. "Wa ke barin gona lokacin dashe ya tafi kallon ruwa? Ruwa ai ga shi nan a kanal."

Ni dai ban haƙura ba. Kullum da hantsi nakan kai masa fura gonarsa ta bayan Kura, mu zauna a bakin kanal, in buɗe waya. Ni kaina a lokacin rabina a Kura nake, rabina a teku. Ina kallon ruwan nan da ke silalowa cikin fangali, sai in ga ya faɗaɗa ya yi shuɗi, ga fararen gidaje a kan dutse, ga ni a saman jirgi iska tana kaɗa mini mayafi. Inna ma ta kamu, har ta zaɓi wata kasuwar kifi da wani lambun lemo, tana tambaya ko suna barin mutum ya taya.

Amma Baba, duk abin da na nuna masa sai ya samo masa aibi. Na nuna masa garin da titunansa duk ruwa ne, ya ce, "Allah sarki, ambaliya ce ta ci su?" Na nuna masa wata hasumiya da ta karkace, ya ce maginin bai ji tsoron Allah ba. Tsofaffin gine-ginen da Turawa ke layi don gani kuwa, cewa ya yi kufai ne, kuma akwai irinsa a hanyar Bunkure. Raina ya ɓaci sosai, don a ganina taurin kai ne kawai da rashin tausayin ɗansa.

Ranar da na yi niyyar sanar da Yaya na gaza, ina jan hotunan cikin fushi, sai na wuce wani yawo da ban taɓa kulawa da shi ba: gonakin shinkafa a bakin wani tafki, ana zagaya baƙi cikin kwalekwale.

"Tsaya, Uwata," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. "Turawa na noman shinkafa? A ina ne nan?"

"Kusa da garin da Yaya yake ne, Baba."

Ya mayar da idonsa kan ruwan kanal. Can ya ce, "To. Manomi kam ya kamata ya ga yadda wasu ke yi." A satin ya damƙa wa ƙanensa dashen, muka shiga neman biza.

Ranar da jirgi ya sauke mu a wannan tasha, har yanzu kamar a mafarki nake ganinta. Kwalekwale na tafiya a hankali, kore shar ta ko'ina, balbelu na tashi suna sauka kamar a gida. Mai jagora na ta bayani, Yaya yana gaba yana fassara wa Baba yadda suke raba ruwa. Sai Inna ta taɓo ni ta yi mini nuni da ido. Baba ko kallon shinkafar ba ya yi. 'Yar ƙaramar jikarsa ta yi barci a cinyarsa, shi kuma idonsa na kan ƙeyar Yaya, bai ɗauke ba har muka zo gaɓa.

Da muka koma jirgi na tsokane shi. "Baba, yaya ka ga shinkafarsu?"

"Da kyau," ya ce. Ya juya ya kalli teku, sannan ya ƙara a hankali, "Wancan yaron ya fara furfura."

Na juya na share hawaye don kada ya gani. Ashe duk kwanakin nan da nake fushi, shi ya fi kowa son tafiyar, bakinsa ne ba zai iya cewa don ɗansa zai je ba. Tun daga nan na koyi cewa idan babba ya ƙi abin da na san yana so, ba gardama zan yi da shi ba. Dalili zan nemo masa wanda zai iya faɗa a gaban mutane, in kuma yi kamar na yarda.