Banjo a Zaman Makoki

Wani abokin aikina a asibiti ne ya haɗa ni da faifan. Makaɗan Amurkawa ne, ba ganga, ba lantarki, sai banjo, irin garayarsu, da goge da wani ƙaton abin tsirkiya mai gurnani. Sukan ɗauko kiɗan ƙauyensu a guje, can sai su karkace su shiga salon kiɗan jaz, kowa ya kama gabansa, sannan su haɗu. Ni dai ya shiga raina. Daga Sharafiyya, unguwarmu a Jidda, zuwa wurin aiki shi nake ji a mota, gilashi a rufe.

A rufe mana, don surukina limami ne a unguwar Kurayyat, cikin Hausawan Sudan. Da na nemi 'yarsa dangi sun ƙi, wai ɗan Najeriya mai iƙamar kwangila, takardar zama ta ɗan lokaci, wa ya san tarbiyyarsa? Shi kaɗai ya tsaya mini. Ya ce ya ga sallata, halas, shi ke nan.

Da yayansa ya rasu aka jera kujeru a layi kamar yadda ake yi a Jidda, aka rataya fitilu. Bayan magariba mu dangin mamaci muka tsaya a sahu, masu ta'aziyya suna wucewa suna dafa kafaɗunmu. Mai karatu ya makara, sai surukina ya ce, "Yalla, ɗana, sa mana Ƙur'ani a lasifika."

Na jona wayata. Ita kuwa ja'irar ba ta jira na zaɓi komai ba, ta ci gaba daga inda na tsaya da safe.

Innalillahi! Banjon nan ya ɓarke a layin kamar ana biki. Na danna, na danna, yatsuna sun jiƙe da gumi, allon ya ƙi ji. Har goge ya shigo. Mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Da ƙyar na fizge igiyar.

Kunya ta rufe ni, wallahi har kunnuwana suka yi zafi. Wani kawun matata, wanda tun farko bai so aurenmu ba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Liman, abin da surukin naka yake ji ke nan?"

Na buɗe baki zan amsa. Surukin nawa ya miƙo hannu ya karɓe wayar, ya jefa a aljihun taubinsa, doguwar rigar nan tasa.

"Tawa ce," ya ce. "Ni na ba shi ya jona. Ku yafe mini."

 Kowa ya san wayarsa, 'yar ƙarama mai maɓallai. Mutumin da ake kira ya raba gardama saboda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ga shi ya yi ta a makokin ɗan'uwansa, a gaban masu binsa salla.

Aka kira isha. Ya shige gaba, na bi sahu a bayansa, na kasa ɗaga kai.