Jinjina ga Siman Pam, Wanda Ya Gusar da Layin Ruwa

Kafin masu keke su cika hanyar Laranto ta Jos, Siman Pam ya riga ya buɗe ofis, ya rataye rigar sanyinsa a bayan kujera, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa mai nishi. Aikinsa neman ruwa ne a ƙarƙashin dutse, amma bai taɓa riƙe diga ba. Ma'aikata ne ke zuwa fili su kafa ƙarafa a ƙasa, su saki wutar lantarki ta ratsa, na'ura ta kawo lambobi. Shi kuma sai ya zuba lambobin cikin shirin kwamfuta da ya rubuta da kansa, kwamfutar ta zana su layi mai hawa da sauka. Inda layin ya yi ƙasa, nan dutse ya tsage, nan ruwa yake kwance. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. In ka ce za ka yabe shi kuwa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Je ka tambayi Okey tukuna."

To, ga abin da ya haɗa shi da Okey, mai motar haƙa rijiyar burtsatse.

Wata shekara aka auna fili a wani ƙauye bayan Kuru. Layi biyu suka fito a allon kwamfuta, ɗaya ya hau kan ɗaya, ido bai iya raba su. Siman ya ƙara lamba guda a cikin shirin, ya tura ɗayan zuwa dama don ya gani da kyau. Kowane mai wannan aiki yana yin haka. Sai dai ya manta bai mayar da layin ba, kuma daga wanda ya tura ɗin ya karanta wurin haƙa. Aka je aka kafa turke a kan dutse tsantsa, alhali tsagar ruwan tana can gefe.

Okey ya haƙa, ya haƙa, ba abin da ke fitowa sai garin dutse. Matan ƙauyen da suka yi ta dafa wa ma'aikata gwate suka tsaya cirko-cirko da bokitai. Samari suka zare makullin motar, suka ce ba ta fita sai ruwa ya fito. Magana ta bazu cewa Okey macuci ne, ya tsaya a sama ya ce ya kai ƙasa. Ƙauyukan da suka kira shi aiki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya.

"Oga Siman, inda ka sa alama, nan na haƙa," in ji Okey a waya. "Sunana ya lalace a Filato."

Gaskiya dai, Siman bai buɗe shirin don neman laifinsa ba. Ya buɗe ne ya nuna wa kowa aikinsa daidai yake. Sai ga lambar nan zaune inda ya bar ta. Kunya ta kama shi har ya kasa duban abokan aikinsa. Kuma fa babu mahalukin da ke karanta shirin nan sai shi. Da ya goge lambar, shi ke nan, an binne magana.

Ranar Lahadi ya shiga mota ya tafi ƙauyen. Ya jira aka tashi daga sujada a coci, ya durƙusa gaban mai unguwa, Da Badung, jama'a na kallo.

"Da Badung, ku ba Okey makullinsa. Ni na nuna masa wurin da ba shi ba. Na gusar da layi a kwamfuta, na manta."

"Ka manta?" wata mata ta ɗaga murya. "Mu muna shan ruwan kududdufin haƙar kuza da 'ya'yanmu, kai kana mantuwa?"

Siman ya bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta, domin gaskiyarta ce. Da Badung ya miƙa hannu, samari suka kawo makullin. Okey, wanda shi ma yana wurin, ya karɓa, bai gode ba, bai ma dubi Siman ba. Can sai ya ce, "Tashi ka nuna mini wurin gaskiya." Da aka haƙa a sabon wurin da ya nuna, ruwa ya feso har ya jiƙa na tsaye nesa.

Kai ne, Siman, mai kunyar da ta yi amfani. Tun daga ranar, duk layin da ka gusar sai ka rina shi ja, ka rubuta a kansa cewa an gusar da shi, kuma duk wanda ya zo koyon aiki da labarin nan kake fara masa, ba ka rage ko kalma. Rijiyoyin da ka nuna suka ba da ruwa sun fi a ƙirga, amma kai wadda ta bushe kawai kake tunawa.

Mun gode, Baba Siman. Ku kuma masu aikin da ba wanda ke iya duba bayanku, ku yi koyi da shi.

Okey yana nan yana haƙa, har ya ƙara mota ta biyu. Da aka tambaye shi ko zai zo bikin sallamar, sai ya ce, "Zan zo mana. Kasuwata ta mutu, mutumin nan ya je ya durƙusa a gaban gari ya tashe ta. Har yau ba na kafa inji sai inda ya sa turke."