Masta Waris da Motar da Ta Ƙi Ɗaukar Direbanta

Kullum bayan sallar asuba, Masta Waris Abdulai yakan sha koko da ƙosai a tsaye, sannan ya zauna kan wata tsohuwar taya a bakin garejinsa, gefen babbar kwatar Nima. Idan aka turo masa mota ba ya saurin tashi. "Murɗa makulli in ji," gaisuwarsa ke nan. Shekara arba'in da ɗaya yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, don idanu sun gaza.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma babu abin da ban gani ba a Accra. An kore mu zamanin korar baƙi, na dawo da ƙafata. Kwalara ta kayar da ni, ta gaji ta bar ni. Mota ta kife da mu a hanyar Kumasi, na fito ina kakkaɓe riga. Ba a girgiza ni da wasa. Amma abin da Waris ya yi ranar da Baba Iddi ya rasu, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baba Iddi shi ne direban motar gawa ta masallacinmu, wata tsohuwar Fijo mai dogon baya. Shekara talatin yana kai mutanenmu makwanci, bai taɓa ba kowa makullin ba. Ciwon kwana huɗu ya yi. Abu ɗaya ya roƙi matarsa, Mma Suweiba: "Kada a ɗauke ni a wata mota. Ita za ta kai ni." Ta yi masa alkawari.

Aka sallace shi bayan azahar, aka sa makara a bayan Fijo. Nashiru direban tasi ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Jama'a! Motar da ko sati ba ta yi da kai gawa ba! Muka tura ta har bakin titi, ni ne a gaba-gaba duk da shekaruna. Ta ƙi. Aka ciro batir daga tasi aka sa mata. Ta ƙi. Wani ya tsotso fetur ya tuttula mata a kafireta. Ta ƙi. Mata suka ɗauki salati daga cikin gida. "Baƙin ciki take yi," in ji wani. Ni ma na faɗa, da ƙarfi ma kuwa.

Liman ya dubi rana ya ce, "Ba a tsare mamaci saboda ƙarfe. In aka kira la'asar ba ta tashi ba, a nemo wata."

Daga bayan ƙofa muka ji muryar Mma Suweiba: "Malam, na yi masa alkawari."

Waris yana cikin masu jana'iza, sanye da farar jallabiya. Ya nannaɗe hannun riga. "Nashiru, murɗa in ji." Ya karkata kunne. "Batir lafiya, kik lafiya." Ya shinshina. "Fetur har ya yi yawa. Wane mai kirki ne ya shayar da ita haka?" Ya zare wayar fulogi, ya kusantar da bakinta jikin inji. "Murɗa." Ko ƙyas ɗin wuta babu.

"Koyil ne ya mutu, Masta," in ji Nashiru. "Bari in ruga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai in sayo."

"Kafin ka dawo an yi isha'i. Koyil ɗin nan ni na sa shi bara. Bai mutu ba, wuta ce ba ta iso masa."

Ya bi waya da yatsa, tunda idon ba ya taimako, har ƙasan sitiyari. Sai ya tsaya cak. "Wannan ɗaurin ba na kamfani ba ne, ba kuma nawa ba ne." Ya juyo gare ni. "Alhaji, kai ke zama gaba kusa da shi. Me Iddi yake yi kafin ya murɗa makulli?"

"Bismillah mana."

"Kafin bismillar."

"Yakan sunkuya ya gyara silifas. Ƙafa ke damunsa."

"Wace ƙafa? Mutumin da kullum yake riga ka sahun gaba?"

Ya durƙusa a ƙasa da farar jallabiyar nan, ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba. Na leƙa. Ƙarfen wurin ya goge yana sheƙi, duk sauran kuwa tsatsa. Muka ji ƙas.

"Murɗa."

Fijo ta yi tari sau biyu, ta watso baƙin hayaƙi, ta ɗauka. Liman baki buɗe. Ni kuwa na zauna a bakin kwata. Ashe tun shekarar da ɓarayi suka so sace motar, Iddi ya ɗaura mata ɓoyayyen makunni, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ni kuwa shekara ashirin ina gefensa ina kawo masa man shafawa na ƙafa!

Kafin la'asar Fijo ta kai direbanta. Mma Suweiba ta cika alkawari.

Kai ne, Waris, mai jin ciwon ƙarfe da kunne. Mu muna neman aljani, kai kana bin waya. Kai ne washegari ka tara mutum uku ka nuna musu makunnin, ka ce kada sani ya sake tafiya kabari da mutum ɗaya. Mun gode, Allah ya saka, ya haskaka idanun nan.

Ku masu gareji daga unguwar Maamobi har unguwar Madina, ku saurara kafin ku kwance, ku tambaya kafin ku ce a sayo. Ku dattawa 'yan'uwana, abin da kuka ɓoye ƙarƙashin kujera ku nuna wa wani tun da sauran numfashi.

Ni dai ban ga alamar tafiya ba tukuna. Amma na riga na gaya wa Liman: ranar da tawa ta zo, a Fijon nan za a sa ni, kuma kada kowa ya murɗa makulli sai Waris ya karkata kunne.